Kuɗi sun kashe hip-hop ne, ko sun ƙuntata masa ƙofa?

Tambaya: "Malam, ina jin ana cewa a da waƙar hip-hop muryar talakawan baƙaƙen fatar Amurka ce, yanzu kuwa ta koma tallan motoci da sarƙoƙi da giya. Da gaske kuɗi ne suka lalata ta? In haka ne, ta wace hanya?"

Ɗan'uwa, ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi, don na daɗe ina bibiyar tarihin kiɗan nan da yadda ake cinikinsa. E, kasuwa ta canza shi matuƙa. Amma ka cire a ranka cewa wani shugaban kamfani ne ya zauna yana rubuta wa mawaƙa baitocin banza. Aikin da kasuwa ta yi shi ne zaɓe. Cikin muryoyi masu yawa da ke tashi daga unguwanni, ita ke ware wadda za a ba lasifika, sauran kuma a bar su a ƙasa. Aka yi shekara da shekaru ana wannan zaɓen, har yaro mai tasowa ya gane irin waƙar da ke fitar da mutum daga talauci, ya shiga yin ta ba tare da kowa ya umarce shi ba.

Bari mu faro daga tushe, don kuɗi suna cikin harkar tun ranar farko. Ranar 11 ga Agusta 1973, wata budurwa mai suna Cindy Campbell ta shirya casu a wani ɗakin taro na gida mai lamba 1520 a titin Sedgwick, unguwar Bronx ta birnin New York, don ta tara kuɗin tufafin komawa makaranta. 'Yan mata na biyan senti 25, samari senti 50. Yayanta Clive, wanda duniya ta sani da DJ Kool Herc, shi ne mai kiɗa. Herc ya lura cewa masu rawa sun fi haukacewa a ɗan gurbin da mawaƙi ke yin shiru ganguna zalla su tashi. Sai ya sayi faifai iri ɗaya guda biyu, ya ɗora kowanne a kan na'urarsa, in gurbin ya ƙare a wannan sai ya tayar da shi a wancan, abin da bai wuce daƙiƙa goma ko ashirin ba ya koma mintuna. A kan wannan dabarar aka gina komai.

Ka dubi wurin da abin ya faru. An ratsa Bronx da wani katafaren titi da ya tarwatsa unguwanni, masu hali sun kwashe sun bar wurin, gidaje na cin wuta dare da rana, birnin New York kansa ya kusa tsiyacewa a 1975. Matasan da ba su da kuɗin shiga gidajen rawa na Manhattan suka riƙa jawo wuta daga fitilun titi suna kafa lasifikoki a filayen unguwa. Mai juya faifai shi ne sarki, mai riƙe da makirfo yana taya shi zuga jama'a, ga 'yan rawa, ga masu zane a bango da jikin jiragen ƙasa. Mai kiɗa da mai sauraro 'yan layi ɗaya ne. In ka yi ƙarya a makirfo, akwai wanda ya san gidanku a cikin taron. Kuɗin da aka karɓa a ƙofa kuma ba ya fita daga unguwar.

Faifai na farko da ya yi kasuwa ya nuna duk abin da zai biyo baya. A 1979 Sylvia Robinson, mai kamfanin Sugar Hill a jihar New Jersey, ta haɗa wasu samari uku da ba su da suna a dandalin Bronx, suka naɗi "Rapper's Delight". Ba a sa mai juya faifai ba, makaɗan situdiyo ne suka sake kaɗa wani kiɗan ƙungiyar Chic, sai da masu kiɗan suka tayar da jijiyar wuya aka sa sunayensu. Ɗaya daga cikin samarin ya rera baitocin Grandmaster Caz, gwani a Bronx, ba a ambaci Caz a matsayin marubuci ba. Waƙar ta zagaye duniya. Daga ranar aka gane cewa cikin rukunan al'adar, murya ce kaɗai ake iya zubawa a faifai a sayar. Rawa da zane da juya faifai suka koma baya, mawaƙin gambara ya dawo gaba shi kaɗai.

Amma a yi wa matar nan adalci. Ita ce dai ta nace a 1982 sai an fitar da "The Message", waƙar da ta zayyana ƙuncin rayuwar unguwa filla-filla, alhali yawancin 'yan ƙungiyar Grandmaster Flash ba su so ta ba, suna ganin ba wanda zai zo casu don jin baƙin ciki. Wato 'yar kasuwa ce ta buɗe wa waƙar faɗakarwa hanya, don ta hango za ta sayu. Ina so ka riƙe wannan, domin kasuwa ba ta gaba da gaskiya, ba ta kuma ƙaunar ta. Ranar da gaskiya ke kawo riba za ta sayar da ita.

Shekarun 1980 zuwa farkon 1990 su ne waɗanda masana ke yawan yabo, kuma dalilin yabon shi ne yalwa. Ƙananan kamfanoni irin su Def Jam da Tommy Boy ne ke riƙe da harkar, manyan ba su gama gane ta ba tukuna. A shago ɗaya za ka tarar da Public Enemy masu zafin siyasa, waɗanda jagoransu Chuck D ya kamanta rap da tashar labaran baƙaƙen fata. Ga De La Soul masu wasa da hikima, ga Queen Latifah da MC Lyte suna magana da yawun mata, ga N.W.A daga Compton ta jihar California suna kwarmata zaluncin 'yan sanda har hukumar FBI ta aika wa kamfaninsu wasiƙa a 1989. A shekarar ce KRS-One ya tara mawaƙa suka yi waƙar kiran a daina kashe juna, aka ba ƙungiyar National Urban League kuɗin. Batsa da alfahari da zancen bindiga duk suna nan a lokacin, kada wani ya ruɗe ka. Sai dai ɗaya ne cikin launuka da yawa.

Shekarar da nake ganin ta fi kowace juya akalar abin ita ce 1991, saboda abubuwa biyu da ba su da alaƙa da fasaha ko kaɗan.

Na farko na'urar ƙidaya ce. Kafin lokacin, mujallar Billboard, mai fitar da jerin faifan da suka fi sayuwa, tana tambayar masu shaguna ne su faɗi abin da ya fi sayuwa, su kuwa su faɗi abin da suka ga dama ko abin da kamfani ya roƙe su. A watan Mayu 1991 aka koma amfani da SoundScan, mai ƙirga kowane faifai a daidai lokacin da aka biya kuɗinsa a kanta. Ba a yi wata biyu ba sai ga kundin N.W.A a matsayi na ɗaya a duk Amurka, alhali gidajen rediyo ba sa ma iya sa shi saboda ashar. Manyan kamfanoni suka farka. Suka gane cewa masu saye ba 'yan unguwar kaɗai ba ne, akwai ɗimbin matasa fararen fata a unguwannin masu hali na bayan gari, kuma abin da ya fi jan su shi ne labarin bindiga da ƙwaya da kurkuku, rayuwar da suke leƙawa daga nesa ba tare da ta taɓa su ba. A nan manufar ta karkace. Waƙar da unguwa ke yi tana magana da kanta ta koma hoton unguwa da ake ɗauka a kai wa baƙo. Shi kuwa baƙo ba kowane hoto yake so ba. Uwa mai aiki biyu don ta ciyar da 'ya'ya, da saurayin da ke fafutukar gama makaranta, su ma 'yan unguwar ne, amma labarinsu ba ya sayuwa kamar na mai harbi.

Na biyu hukuncin kotu ne. A watan Disamba na shekarar, wani alƙali a New York ya yanke hukunci a kan mawaƙin rap Biz Markie saboda ya gutsuro kiɗan Gilbert O'Sullivan ba izini. Alƙalin ya buɗe hukuncin da umarnin nan na Attaura da ke hana sata, aka janye kundin daga kasuwa. Mai kiɗa yana da haƙƙi a kan kiɗansa, ban musa ba. Amma dubi abin da ya biyo baya. Masu haɗa wa Public Enemy kiɗa sukan tara gutsattsari masu yawa daga tsofaffin faifai su saƙa su wuri ɗaya: ihun James Brown, muryar mai wa'azi, jawabin ɗan gwagwarmaya, jiniyar mota. Yaro na sauraro yana haɗuwa da tarihin iyayensa ba tare da ya shiga aji ba. Da aka ce kowane gutsure sai an biya, irin wannan saƙar ta fi ƙarfin aljihun kowa. Abin da ya fi sauƙi shi ne mai kuɗi ya sayi amshin wata sananniyar waƙa guda ɗaya ya hau kai. De La Soul, waɗanda kundinsu na farko ya fito a 1989, sai a watan Maris 2023 tsofaffin ayyukansu suka hau manhajojin sauraro, saboda rikicin izini da na kwantiragi. Ɗaya daga cikinsu ya rasu makonni kaɗan kafin ranar. Tsara guda ta tashi ba ta san su ba.

Sai rediyo. Kafin 1996 doka ba ta yarda kamfani ɗaya ya mallaki tashoshi fiye da 40 a faɗin Amurka ba. Dokar sadarwa ta shekarar ta cire wannan shingen, cikin 'yan shekaru kamfanin Clear Channel ya tara sama da 1,200. Mai gabatar da shiri wanda a da yake iya sa faifan yaron unguwarsu don ya ji ya yi masa daɗi, yanzu jerin waƙoƙi ake turo masa daga hedikwata. Shiga jerin kuma ba kyauta ba ne. A 2005 binciken babban lauyan jihar New York, Eliot Spitzer, ya sa kamfanin faifai na Sony BMG ya biya dala miliyan 10 kan ba ma'aikatan rediyo na goro don a sa waƙoƙinsa, sauran manyan kamfanonin ma suka biya nasu. Kamfanin da ya zuba irin wannan kuɗin a kan waƙa ba zai yi caca da sabon salo ba. Abin da ya sayu jiya shi zai sake nema.

Wani abu da ya faru a tsakanin nan yana nuna yadda lissafin yake. A 1995 masu suka irin su C. Delores Tucker suka matsa wa Time Warner lamba kan waƙoƙin daba, kamfanin ya sayar da rabin kamfanin faifai na Interscope da yake riƙe da shi. Shekara na zagayowa kamfanin MCA ya sayi rabin a kan kimanin dala miliyan 200. Surutun bai rage wa hajar daraja ba. A watan Satumba 1996 aka kashe Tupac Shakur, a watan Maris 1997 aka kashe Notorious B.I.G., bayan an daɗe ana hura wutar gaba tsakanin mawaƙan gabashin Amurka da na yammacinta a mujallu da faifai. Dukansu ba su wuce shekara 25 ba, kuma kundayensu sun ci gaba da sayuwa bayan rasuwarsu.

Yanzu mu shiga cikin kwantiragin kansa, don a nan mutane da yawa ba su san yadda abin yake ba. Kamfani yakan ba sabon mawaƙi kafin alƙalami mai tsoka. Yaron da bai taɓa riƙe dala dubu ba sai ya ɗauka kyauta ce, alhali bashi ne. Kasonsa a cinikin yakan tsaya tsakanin kashi 10 zuwa 20 cikin ɗari, kuma daga cikin wannan ɗan kason ake cire kafin alƙalamin da kuɗin situdiyo da wani ɓangare na kuɗin bidiyo. Sai an gama cirewa zai fara ganin wani abu, asalin naɗin waƙar kuma mallakar kamfani ne. Da Napster, manhajar musayar waƙoƙi kyauta a intanet, ta ɓullo a 1999 cinikin faifai ya fara zubewa, sai aka fito da kwantiragin da ke ba kamfani kaso har a kuɗin wasa da talla da tufafin da mawaƙi ke sayarwa. To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Mai bashi a wuya, in aka ce masa wannan waƙar ta yi nauyi, kawo wadda za a yi rawa da ita, da wane bakin zai musa? Sau da yawa sarƙar da kake gani a bidiyo da motar duk haya ce, kuma a kansa aka rubuta kuɗin hayar.

Talla ma ta daɗe da shigowa. Run-DMC sun yi wa takalmin Adidas waƙa a 1986 don shi suke sawa, daga baya kamfanin ya ga dubban matasa sun ɗaga takalma sama a wasansu a babban zauren Madison Square Garden ya ba su kwantiragi. Nan ƙauna ce ta riga kuɗi. Zuwa 2005 an kai inda McDonald's ke neman mawaƙa su ambaci abincinsa Big Mac a baiti, a biya su gwargwadon yawan sa waƙar a rediyo.

Mata su suka fi jin jiki a wannan ƙuntatawar. Lauryn Hill ta ɗauki kyautar Grammy biyar a dare ɗaya a 1999, duk da haka kamfanoni suka ci gaba da ganin mace a bidiyo ta fi riba a matsayin ado. A 2004 ɗaliban kwalejin Spelman ta mata baƙaƙen fata a Atlanta suka yi bore kan wani bidiyon Nelly, har ziyarar da zai kai makarantar ta rushe. Masu ƙorafin nan 'ya'yan al'adar ne, da ita suka girma.

Zamanin manhaja ya zo da nasa matsin, kuma wannan karon har cikin ƙirar waƙar ya shiga. A Spotify sai an saurari waƙa daƙiƙa 30 ake ƙirga ta, don haka amshi ya dawo farko, doguwar shimfiɗa ta tafi, baiti na uku da mawaƙi ke warware labarinsa a ciki ya yi ƙaranci. Daga ƙarshen 2014 Billboard ta fara lissafa saurare 1,500 a matsayin kundi ɗaya, sai ga kundaye masu waƙa 24 da 25 a 2018 daga Migos da Drake, don kowace ƙarin waƙa ƙarin lamba ce. A 2019 waƙar Lil Nas X da ba ta kai minti biyu ba, wadda ya sayi kiɗanta dala 30 a intanet, ta tashi daga TikTok ta yi mako 19 a matsayi na ɗaya. Wannan nasara ce ga yaron da ba shi da kowa, na yarda. Amma darasin da kamfanoni suka ɗauka shi ne su daina renon mawaƙi, su zauna suna kallon lambobi, wanda ya yi tashe su ɗauke shi. Abin da ke saurin tashe a intanet kuwa rigima ce, kuma ga yaran da ke cikin gabar unguwa ta gaske, rigimar ba wasa ba ce.

Duk da haka ba zan ce maka kuɗi sharri ne zalla ba, kuma ba na goyon bayan masu son mawaƙi ya dawwama a tsiya don waƙarsa ta yi musu daɗi. Mutanen da aka daɗe ana toshe wa hanyar arziki, in ɗansu ya tsaya ya ce na samu, akwai siyasa a cikin wannan alfaharin. Mawaƙi Master P ya ƙulla yarjejeniya da kamfanin faifai na Priority wadda ta bar masa mafi yawan ribar da mallakar naɗinsa. Apple ya sayi Beats, kamfanin lasifikar kunne na Dr. Dre da abokin kasuwancinsa, a kan dala biliyan 3 a 2014. Jay-Z ya zama biloniya a 2019. A 2017 hip-hop da R&B suka zarce rock a matsayin kiɗan da aka fi saurare a Amurka. Ba don kasuwa ba da kiɗan bai fita daga Bronx ba. Sai dai ka lura, manyan dukiyoyin nan yawanci daga lasifikar kunne da giya da tufafi suka fito, waƙar ta zama tsani. Kuma har yau kamfanoni uku ne, Universal da Sony da Warner, ke riƙe da mafi girman kason kasuwar.

Tsohuwar manufar ma ba ta mutu ba. Masu zanga-zangar adawa da kisan baƙaƙen fata sun riƙa rera amshin wata waƙar Kendrick Lamar a tituna a 2015, a 2018 kuma ya karɓi kyautar Pulitzer ta fannin kiɗa, karon farko da aka ba wanda ba makaɗin jazz ko na gargajiyar Turai ba. Nipsey Hussle ya buga kofi dubu na wani kundinsa a 2013 ya sa wa kowanne dala 100, mutanensa suka saye, ya kuma zuba jarinsa a unguwar da ya tashi a Los Angeles. Irin waɗannan suna nan da yawa, amma yanzu sai mai sauraro ya tashi ya neme su, ba za a kawo masa su ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne wanda ke ɗaukar asarar. Ana ƙarfafa wa yaro ya nuna shi ɗan daba ne na gaske don hakan ke sayuwa, ranar da aka kama shi kuma sai mai gabatar da ƙara ya karanta baitocinsa a gaban kotu a matsayin shaida. An yi haka a shari'o'i masu yawa a Amurka, wadda ta fi amo ita ce ta Young Thug da aka kama a Atlanta a watan Mayu 2022, inda alƙali ya yarda a yi amfani da wasu baitocin. Ba ina wanke kowa daga laifi ba ne, wanda ya zubar da jini a hukunta shi da hujja. Amma kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: kamfanin da ya tallata baitin ya ci ribarsa ba ya tsayawa a gaban alƙali, mawaƙin na tsare waƙoƙinsa na ci gaba da kawo wa kamfanin kuɗi. A watan Satumba 2022 jihar California ta yi dokar da ta taƙaita amfani da baitocin waƙa a matsayin shaida, ita ce jiha ta farko da ta yi haka. Dokar ta shafi abin da alƙali zai karɓa ne kawai, ba ta ce komai ba a kan takardar da yaro ɗan shekara 19 ke sa wa hannu.